Takalman Irmiya Kafinta

Ranar Talata da safe Labaran tela ya buɗe shagonsa, ya tarar da teburin keken ɗinki ba keke. Ƙafafun ƙarfen suna nan, feda tana nan, bel yana reto. Kan ne babu. Ba fizge shi aka yi ba, kwance shi aka yi a natse, har ƙusoshin an jera su a bakin taga.

Kafin hantsi unguwa ta cika ƙofar shagon. Tudun Wada ba cikin birni ba ce. Kowa a nan daga wani wuri ya zo, ko shi ko ubansa, saboda haka kowa yana da wanda yake zargi tun kafin a yi satar. A daminar nan kaɗai an kwance akuya, an kwashe shanya, an cire fitilar keken wani akawun reluwe, ba a kama ko ɓera ba. Mutane sun gaji. So suke su ga igiya a ƙugun wani, ko wane ne.

Mai unguwa ya aika aka kira Ɗantsoho.

Ɗantsoho mai bin sawu ne. Ƙuruciyarsa duk a daji ya ƙare ta, yana bi wa Fulani shanun sata. Da gwiwa ta fara ƙi sai ya zauna a Tudun Wada yana tufkar igiya. Ba shi da fara'a, ba ya kuma neman ta wajen kowa. Ya iso, ya dubi yadda jama'a suka tattake ƙofar shagon, ya yi tsaki.

"Kun zo taya Labaran jaje ne, ko taya ɓarawo shara?"

Ya zagaya bayan shagon shi kaɗai. An yi ruwa da dare, ya ɗauke kafin asuba, ƙasa ta yi laushi. A ƙarƙashin taga sawu yana nan ɓaro-ɓaro: takalmin soja mai ƙusoshi a tafi, dunduniyar hagu ba ƙarfe. Ya nutse sosai, alamar mai shi yana ɗauke da kaya.

"Kada wanda ya biyo ni," in ji shi. "Mai son kallo ya zagaya ta titi."

Kofur Mika'ilu, ɗan dokan da aka turo, bai so taɓo ya ɓata masa kaki, sai ya ja jama'a suka bi titi.

Lungun ya bi tsakanin katangar Labaran da kududdufi. A tsakiyarsa masallacin unguwa yake, ba gini ba, filin yashi ne da aka kewaye da duwatsu a gindin ceɗiya. Da rani ana wucewa ta bayan duwatsun. Yanzu kududdufi ya cika ya cinye hanyar, ba mafita sai ta cikin yashin. Sawun takalmin ya zo bakin duwatsu ya ɓace. A ciki ba komai sai tafin ƙafafun masu sallar asuba. Ɗantsoho ya tuɓe takalmansa, ya ƙetare, ya mayar, ya sake tsintar ƙusoshin a ɗaya gefen. Ya bi su har suka shiga zauren Irmiya kafinta.

Zauren ba ƙyaure, asabari ne kawai. A ciki, gefen tarin katako, ga takalman nan a ajiye, taɓo bai bushe a jikinsu ba. Daga ƙofar zauren zuwa titi kuwa marmara ce, ƙasa mai tauri wadda ko jaki ba ya barin alama a kanta.

Jama'a suka iso suna haki. Ɗantsoho ya miƙe ya ce, "Sawu ya ƙare a nan."

Yana da sauran magana. Ba a jira ta ba.

"To ai shi ke nan," in ji Salmanu, ƙanen Labaran, wanda ke share masallaci kullum. "Wa bai san takalman nan ba?"

Kowa ya san su. Da su Irmiya ya dawo daga yaƙin Bama, can ƙetaren teku, shekara goma da suka wuce, da su yake hawa rufin kwano, da su yake zuwa majami'a ran Lahadi. Mutumin Wusasa ne, mai ƙarancin gaisuwa, wanda in ka taya kujerarsa da araha sai ya juya maka baya. Ba shi da abokin faɗa a unguwar, ba shi kuma da mai tsaya masa.

Ya fito daga cikin gida da mayafi a kafaɗa, idonsa ja.

"Lafiya?"

"Ina keken Labaran?" in ji Kofur.

"Ka tambayi Labaran."

Wani ya kai masa duka ta baya. Kofur ya zaro igiya.

"Na ce sawu ya ƙare," in ji Ɗantsoho da ƙarfi. "Ban ce ga ɓarawo ba."

Kamar da katanga yake magana. Aka shiga gidan, aka birkice ɗaki da madafa, aka zazzage buhun dawa a ƙasa. Ba keke. Wannan bai dami kowa ba. Aka rataya wa Irmiya takalman a wuya, aka ja shi ba takalmi zuwa caji ofis, jama'a na biye suna ihu.

*

Suzana, matar Irmiya, tana tattara dawar da aka zubar lokacin da Ɗantsoho ya yi sallama. Ta ci gaba da tattarawa.

"Ina yake ajiye takalman da dare?"

"Inda ka gan su. Ba na bari ya shigo mini da taɓo."

"Kullum?"

"Kullum. Duk wanda ya taɓa kawo gyaran kujera ya san haka." Ta ɗago. "Maigidana, Baban Keziya, da zazzaɓi ya kwana. Ni na yi ta shafa masa ruwa har ladan ya yi kira. Na gaya wa Kofur, ya ce ba a jin shaidar mace a kan mijinta. Gobe da sassafe za su kai shi birni gaban alƙali. Mai unguwa ya riga ya aiko, wai in aka ɗaure shi mu nemi wata unguwar."

"Ban ce shi ne ba."

"Ba ka ce ba, Baba. Ka dai kawo su ƙofarmu, ka nuna da sanda." Ta koma kan dawarta. "Wanda ya saki kare ba sai ya ce cije shi ba."

Ɗantsoho ya fita. Shekarunsa na bin sawu ba a taɓa gaya masa magana irin wannan ba, kuma bai sami inda zai ce ta yi ƙarya ba. Haushin jama'a yake ji, da na Kofur, da na bakinsa da ya yi saurin buɗewa a gaban mahaukata.

*

Sabo mai gadin layin yana zaune a gindin katanga yana gyangyaɗi.

"Ina kake da aka shiga shagon?"

"Ina zagaye, Baba."

"Rigarka a bushe take. Gora ma a bushe. Da wace laima ka yi zagayen?"

Sabo ya sosa ƙeya. Ya ce da ruwa ya sauko ya fake a zauren mai unguwa, ya ɗan jingina, bai san inda kansa yake ba sai da ya ji kiran salla.

"Don Allah kada ka gaya wa mai unguwa."

"A zaurensa ka yi minshari. In bai ji ba, kurma ne. Wa ka ga yana shawagi a shagon nan kwanan nan?"

"Nagoda dillali. Ya zo har ya ɗaga keken yana jin nauyinsa. Labaran ya kore shi."

*

Nagoda yana rumfarsa a bakin kasuwa, tsakanin tsofaffin fitilu da agogan da ba sa tafiya. Ya miƙe ƙafar dama a kan akwati, ta kumbura kamar turmi, an naɗe kurkunu a tsinke a idon sawu.

"Mai ganin bayan tururuwa," in ji shi. "Na ji ka yi babban kamu yau. Soja guda."

"Ka taya keken Labaran."

"Na taya. Na taya jakin liman ma, da gadon uwargidan mai unguwa. Sana'ata ke nan. In duk abin da na taya sata nake yi, da yanzu ni ne Sarkin Kasuwa."

"Ina ka kwana?"

Nagoda ya nuna ƙafar. "A kan wannan. Sa mini ita a takalmin soja in gani. In ta shiga, ka kira Kofur, ni zan riƙe masa igiyar." Ya gyara zama yana cije leɓe. "Ban da haka, ka ji an ce an jera ƙusoshi a taga? Ɓarawon kasuwa ba ya haka. Da guduma zai fasa ya gudu. Wanda ya yi wannan yana tausayin teburin."

"Kafinta ma yana tausayin tebur."

"To ka kama mutuminka ke nan. Me ya kawo ka wajena?"

Ɗantsoho ya juya ya kama hanyar caji ofis.

*

Caji ofis ɗaki biyu ne da baranda. Ɗantsoho ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa kamar yadda talaka ke yi, ya shiga.

Irmiya yana zaune a ƙasa, bayansa a bango, leɓensa a fashe, ido ɗaya ya rufe. Ya miƙe ƙafafunsa gaba saboda an dake shi a tafin. Ta hagun yatsu uku gare ta. Sauran biyun a Bama aka binne su.

"Taurin kai ne da shi," in ji Kofur. "Amma zai tuna inda ya ɓoye shi kafin gobe."

"In ya mutu kafin ya tuna fa?"

"Kai ka kawo mu gidansa, Baba. Yanzu kuma kai ne lauyansa?"

Irmiya ya buɗe idon da ke buɗuwa. "Ka zo ka ga inda sawun ya ƙare?"

Ɗantsoho ya juya ya fita. A bakin ƙofa ya zura ƙafa ɗaya a takalmi, sai ya tsaya. Ya dubi ɗayan da ke ƙasa. Yau sau biyu ke nan yana tuɓe takalman nan. A nan, da kuma a bakin duwatsu.

Da safe ya ga ƙusoshi sun ɓace a masallaci, ya ce a ransa masu sallar asuba ne suka tattake su. Amma masu sallar asuba bayan ruwa ba su fi sahu ɗaya ba, a gaba suke tsayawa, ta gabas. Ta baya aka ƙetare. Wa ya tattake bayan?

Ya leƙa ciki. "Kofur. In kana son keken, ka zo masallacin ceɗiya da azahar. Kada a ƙara taɓa mutumin nan."

"In ban zo ba fa?"

"Sai ka je gaban alƙali da ɓarawo ba kayan sata. Ka san abin da zai ce maka."

Ya kama hanya, gwiwa na kuka, bai saurare ta ba.

*

Rana ta take, amma inuwar ceɗiya ta riƙe damshin yashin. Ya durƙusa a bakin duwatsu. Wannan karon bai nemi takalmi ba.

Ga shi nan. Kusa da dutsen farko, shatar abu mai kusurwa huɗu, inda aka dire kan keken. A ɗaya gefen ma haka. Tsakaninsu tafin ƙafa, ba takalmi. Duk sauran ƙafafun da ke yashin gabas suka fuskanta. Waɗannan daga kudu suka yi arewa, sun nutse fiye da na kowa, kuma nasa na safe suna tafe a gefensu kamar abokin tafiya. Ya wuce ta kansu idonsa biyu bai gani ba, don abin da ɓarawon ya yi shi ma shi ya yi.

Ya zaɓi wanda ya fi fitowa, na hagu, inda yashi ya haɗu da laka. Ya daɗe yana kallon dunduniyar. Sannan ya ɗauko tasar da ake ɗiban ruwan alwala a randa, ya kife a kai, ya zauna a gefe, ya ɗora ƙafarsa bisa tasar.

Bai daɗe ba sai ga Salmanu da tsintsiya da buta. Da ya ga mutum a zaune ya ɗan ja baya.

"Baba, kai ne a nan?"

"Yau ka yi sammakon shara. Ko ladan bai yi alwala ba."

"Jama'a sun yi ta kai da kawo, wurin ya yi datti." Ya tuɓe takalmansa a bakin duwatsu ya shiga. Bai fara daga gabas ba kamar kullum. Daga baya ya fara. Ya share, ya yayyafa ruwa, ya share, har ya zo gaban Ɗantsoho.

"Ɗan ɗaga, Baba."

"Share ko'ina ka bar nan. Gwiwa ta ƙi."

"Tasar alwala ce ka taka."

"Za a wanke."

Salmanu ya tsaya, tsintsiya a hannu. Sannan ya wuce. A bayansa, a kan yashin da ya share ya jiƙa da hannunsa, sawunsa ya fito sabo fil. Ɗantsoho ya dube shi sau ɗaya, ya kau da kai.

Da Sabo ya zo alwala ya aike shi ya kira mai unguwa da Labaran, ya kuma ce a gaya wa Nagoda ya zo ko da rarrafe.

*

Ba a taɓa cika masallacin da azahar kamar ranar ba. Labari ya zaga cewa za a fito da keke. Takalma suka yi layi a bakin duwatsu. Kofur ya tsaya a waje da nasa a ƙafa. Suzana tana can nesa, a bakin zaurenta, ta harɗe hannu.

Ɗantsoho ya yi sallarsa a zaune a sahun baya, gefen tasar. Da aka sallame, kafin a shafa addu'a, ya ce, "Kada wanda ya sa takalmi."

Ya miƙe da ƙyar.

"Da safe na ce sawu ya ƙare a zauren Irmiya. Takalmi ne ya ƙare a can, ba mutum ba. Takalmi ba ya sata. Ba ku bari na ƙarasa ba, don kun riga kun sha alwashin dukan wani tun kafin ku karya kumallo."

"Malam Ɗantsoho, a yi magana a hankali," in ji mai unguwa.

"Da safe aka so hankali, ranka ya daɗe. Yanzu ya yi tsada."

Ya bayyana musu ba ƙari. Wani ya ɗauki takalman a zauren da ba ƙyaure. Ya sa su, ya je ya kwance keke, ya biyo lungu don kada ya haɗu da mai gadi, bai san mai gadin yana can yana mafarki ba. Wasu suka yi dariya, Sabo ya sunkuyar da kai. Ɓarawon ya iso nan, kududdufi ya tare hanya. Ga kayan sata a kansa, ga duhu, ba mai ganinsa. Da ya wuce kawai, da yanzu ba mai wannan maganar. Sai ya dire kayan, ya zare ƙafafunsa, ya riƙe takalman a hannu, ya ƙetare.

"Ƙafarsa ta saba. Ba ta iya taka masallaci da takalmi."



"Irmiya ma a cikin Musulmi ya girma," in ji Salmanu daga gefe. "Ya san a cire takalmi."

"Ya sani. Ya fi wasu sani." Ɗantsoho ya ɗaga tasar. "Liman, kai ba a zarginka. Zo ka duba mana yatsun nan. Ƙafar hagu ce."

Liman ya sunkuya. "Cikakku ne. Biyar."

"Na Irmiya fa, Kofur? Kai ka fi kowa sani, yau ka wuni a kansu."

Kofur ya dubi wani wuri.

"To kowa ya ɗaga ƙafa a duba," in ji Nagoda. "Ni tawa a ɗage take tun watan jiya."

"Ba sai an yi haka ba. Labaran, matso."

Labaran ya matso yana murza hula.

"Dubi dunduniyar. Faso ne, ya tsage har gefe. An ɗinke shi da zare. Rabin unguwar nan suna da faso, wasu suna ɗinkewa, amma da hannun hagu suke yi a gurguje, kamar ɗinkin buhu. Wannan dubi yadda ya jeru. Ba ɗaya da ya fi ɗaya. An ma ƙulle bakinsa gida biyu." Ya ɗago ya dube shi. "Ni ba tela ba ne. Ɗinkin wa ne wannan?"

Labaran ya durƙusa. Ya daɗe a durƙushe. Da ya ɗago, ba Ɗantsoho ya duba ba, ƙanensa ya duba.

"Ran Juma'a na ɗinke maka shi," in ji shi a hankali. "A kan cinyata ka ɗora ƙafar."

Salmanu ya dubi layin takalma, ya dubi Kofur da ke tsaye a bakinsu. Ba hanya.

"Keken babanmu ne," in ji shi. "Tun da ya rasu kai ke kansa. Ni sai ɗinkin maɓalli da kai wa mutane kaya gida. Na ce ka bar mini shi ko da yamma, ka ce zan karya allura. Ina da mata, Yaya. Gemu gare ni. Keken yana ɗakina ƙarƙashin gado. Gusau zan tafi da shi in buɗe nawa. Ban saci kayan kowa ba."

"Keke tsakaninka da ɗan'uwanka ne," in ji Ɗantsoho. "Ku ci shi ku sha ruwa. Takalman fa? Su ma na babanku ne?"

Salmanu ya kau da kai.

"Da ƙafarka za ka iya zuwa. Me ya kai ka zauren mutum?"

"Na ɗauka in sun bincika ba su ga komai ba za su sake shi."

"Ka ɗauka. Shi ya sa ka riga kowa buɗe baki da safe." Ɗantsoho ya matsa har suna jin numfashin juna. "A Tudun Wada akwai takalma da yawa. Ka zaɓi na wanda ka san ba mai cewa a tsaya a bincika. Ka cire su don kada ka taka yashi. Allah ya ga ka cire. Ya kuma ga na wanda ka sa."

Kofur ya zaro igiyarsa, ita ce dai ta safe. Labaran ya tare shi da hannu biyu.

"Kofur, don girman Allah. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Na janye. Ba a yi mini sata ba."

"Maganar gida ce," in ji mai unguwa. "A rufa asiri. Wanda ya rufa asirin wani, Allah zai rufa nasa."

Kawuna suka yi ta gyaɗawa. Wani ya ce ai yaro ne, sharrin Shaiɗan ne. Wani ya ce gado ba a raba shi da wuri shi ke kawo irin wannan. Mutumin da ya kai wa Irmiya duka ta baya da safe shi ya fi kowa cewa a yi haƙuri.

Ɗantsoho ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ashe kuna da shi," in ji shi. "Haƙurin. Na ɗauka ya ƙare a unguwar nan."

Kofur ya naɗe igiya ya sa a aljihu. Ba mai ƙara, ba ƙara. Ya ce zai je ya sako wancan.

"Yanzu," in ji Ɗantsoho. "Ba wanda zai bar wurin nan sai ya zo. Da safe kun raka shi. Ku tsaya ku tarye shi."

*

Wasu sun sulale duk da haka. Waɗanda suka rage suna nan a gindin ceɗiya lokacin da Irmiya ya ɓullo ta bakin lungu, gab da la'asar. A hankali yake tafiya, yana taka gefen ƙafa. Takalman suna hannunsa, ƙafar ta kumbura ba za su shiga ba. Suzana ta taho ta karɓe su.

Salmanu ba ya nan. An ce kunya ta hana shi fitowa.

Mai unguwa ya yi gyaran murya, ya ce maganar tashi daga unguwa a bar ta, ba ta taso ba. Labaran ya matso, ya ɗan rusuna, ya miƙa hannu.

"Malam Irmiya, ka yi haƙuri. Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Sawun ɓarawo ka taka."

Irmiya ya dubi hannun. Bai karɓa ba.

"Ban taka sawun ɓarawo ba," in ji shi. "Ina kwance a ɗakina. Ɓarawo ne ya taka nawa."

Ya juya wajen Ɗantsoho. Ido ɗaya ne ke buɗe, ya isa.

"Kai ka kawo su."

"Ni ne."

"Kai kuma ka fito da ni."

"Ni ne."

"To kada ka jira godiya."

"Ban jira ba."

Gidan Irmiya yana nan ƙetaren yashin, ana hango asabarin. Liman ya matsa gefe, ya ba shi hanya. Irmiya ya dubi duwatsun, ya dubi mutanen da ke zaune a cikinsu, sai ya juya ya kama doguwar hanya ta titi, matarsa na biye da takalman.

A kan lakar lungun sawunsa ya fito sarai, yatsu biyar, yatsu uku, yatsu biyar, yatsu uku. Ba wanda ya buƙaci Ɗantsoho ya karanta masa.